Zogalen Saloma a Kan Sola

"Eh, ni ce na shanya. Rage murya, Ezekiel, ba kurma ka samu ba."

Saloma ke nan, tana zaune tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Ezekiel ɗan ƙanen marigayi mijinta ne. Shi ke ƙetare da mutanen Manga a kwalekwale in rafi ya cika da damina. Ɗan injin kwalekwalen da batir yake aiki. Batir biyu gare shi, ɗaya na ruwa, ɗaya na gida yana shan caji a farantin sola da ya ɗora bisa rumbunta.

To, wai zogalenta na yi wa farantin inuwa. Tana coci ya sa adda ya kwantar da shi. Zogalen da mijinta ya dasa da hannunsa! Har ya ce saura mangwaronta.

Saloma ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mai: "Ashe inuwa na hana shi aiki?" Ya yi ta bayani kamar malamin makaranta. Ta ce ta gode.

Ta tsige ganyen tas. Kullum in ya fita, sai ta jingina tsani, ta hau da gwiwoyinta masu ƙara, ta baza ganye bisa gilashin nan. Wuri mai zafi, ga santsi, awaki ba su kai. Kafin ya dawo ta kwashe, ta share da gefen zane.

Ran kasuwar Zuru batir ya mutu tsakiyar ruwa, kwalekwale na ɗauke da mata tara da buhun dawa da akuya. Da kwanon awo sunka yi tuƙi, matan na zagin shi har gaɓa. Ya dawo da rana tsaka a jiƙe, ya iske farantinsa kore shar.

Ta bar shi ya gama haki, sannan ta ture tiren wake.

"Ɗana, da zogalen na tsaye, inuwar awa ɗaya yake yi maka, da hantsi. Kai ka sauko da shi, ni ko dole in shanya. Zogale ma ganyensa kaɗan ne, mako guda ya ƙare. Je ka ɗaga kai ka dubi mangwaron nan, ka ƙirga min ganyensa, sannan ka ɗauko adda."