Ranar da Injiniya Ya Kai Inna Kamfani

Sau ɗaya a shekara, wani babban kamfanin manhajar kwamfuta yakan bar ma'aikata su kawo iyalinsu su ga wurin aiki. Injiniya, kamar yadda ake kiransa a gida, ya ƙosa ranar ta zo, don mahaifiyarsa ta ishe shi da mita.

"Wai wane irin aiki ne wannan? Bikin ƙanwarka ba a gan ka ba, ina kwance a asibiti ma ta waya ka duba ni."

To, yau Inna za ta gani da idonta: abinci kyauta, ɗakin motsa jiki, har da kujerar da ke yi wa mutum tausa. Za ta kuma ga Oga, shugaban sashensu, wanda kullum tare suke cin abincin rana, ba ya kiransa da komai sai "ɗan'uwana". Shi ne ma ya dafa kafaɗarsa makon jiya ya ce, "Lallai ka kawo mana Inna mu gaisa."

Inna ta sha ado, ta sa aka naɗe mata turare don Oga. Sharaɗinta ɗaya, yau ɗan nata ya kashe wayar nan. Ya kuwa kashe tun kafin karin kumallo.

A ƙofar gilashi ya ɗora katinsa kan na'ura. Fitila ta nuna ja. Ya goge katin a riga, ya sake ɗorawa. Ja dai.

Maigadi ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, ba ka duba saƙo ba? An rage ma'aikata yau da safe."

Haka suke yi, ba mai faɗa maka baki da baki, katinka ne kawai zai mutu. Kuma Injiniya ya sani sarai, ba a sallamar kowa sai shugaban sashe ya amince tun makonni kafin ranar. Ashe lokacin da Oga ke dafa kafaɗarsa, ya riga ya gama da shi!

Can ciki sai ga Oga yana rarraba wa yara balan-balan. Suka haɗa ido da Injiniya, Oga ya yi wuf ya kara waya a kunne, ya juya baya.

Inna ta gane shi daga hoton da ɗanta ya taɓa nuna mata. Ta ɗaga turaren tana murmushi.

"Ga mutumin kirkin can. Buɗe mana, kada ya wuce ban yi masa godiya ba."