Baƙuwar Auta

Auta na tsaka da shanya zanin gadonta maigadi ya leƙo ya ce tana da baƙuwa.

"Ni kuma? Baba, anya ba ɗaki ka ɓata ba?"

"Ke dai aka ce. Doguwa, mai koyon ɗinki."

Tun da ta samu ɗaki a wannan gidan, wanda wata ƙungiya ta tanada domin matasan da ba su da wurin kwana, ba wanda ya taɓa zuwa nemanta. Ta goge hannu a jikin riga ta fita. A bakin ƙofa ta tarar da mahaifiyarta zaune a kan buhun kaya, da bokiti cike da kwanoni a gefe.

"Mama?"

"Auta, kin yi ƙiba."

Ta rasa ta durƙusa ne ko ta juya ta koma ciki. Rabonta da wannan fuskar tun ranar da mijin Mama ya ce ba zai ci gaba da ciyar da 'yar wani ba, Mama kuwa ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa. Auta ta daɗe tana tanadin maganganun da za ta faɗa in sun haɗu. Yanzu ko ɗaya ta kasa tunowa. Sai ta ji hannunta ya ɗauki bokitin.

A ɗaki Mama ta yi ta kallo: gadon ƙarfe, labule, ɗan risho, makulli rataye a ƙusa.

"Duk ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Auta ta dafa mata shayi, ta zuba gishiri a maimakon sukari, ta zubar ta sake wani. A hankali labari ya fito. Mijin Mama ya tafi neman aiki bai dawo ba, wayarsa a kashe, mai gidan haya kuma ya canza kwaɗo. Da ta nemi mafaka a gidan Kawu, ya ce matarsa ba ta da lafiya.

"Ba zan takura miki ba," in ji Mama. "Ko a nan ƙasa ma ya ishe ni."

Auta ta fita ta nufi ofishin Anti, mai kula da gidan. Anti ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

"Kin san ƙa'ida. Baƙo sai ya fita kafin a rufe ƙofa. In na bar taki ta kwana, gobe kowa zai kawo nasa, masu gidan su rufe mana shi gaba ɗaya."

"To ni in fita ita ta zauna?"

"Gidan matasa ne, Auta."

"To in kore ta?"

"Ban ce ba."

"Anti, to me kika ce? Wallahi ban gane ba."

Anti ta buga waya nan, ta buga can. Akwai wani gida na mata a ɗaya gefen gari, amma sai da safe mai karɓar baƙi za ta zo. Anti ta ce za ta kai su da kanta. Daren yau ne dai ba ta da dabararsa. Abin da za ta iya kawai, ta ba Auta izinin kwana a waje ba tare da ta rasa ɗakinta ba.

Auta ta dawo ta tarar Mama ta share ɗakin, ta ninke mata kaya, har ta gyara zaman labule. Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi, ta rasa wanne ne nata.

"Tashi mu je. Bar buhun a nan. Ɗauki tabarma da fulas ɗin nan kawai."

"Ina za mu?"

"Ke dai taho. In an tambaye ki, ki bar ni in yi magana."

Suka shiga bas, rana na shirin faɗuwa. A babban asibiti suka sauka. Auta ta bi ta ƙaramar ƙofa, ta zaga bayan ɗakin magani, ta miƙe zuwa dogon barandan da masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. Ta zaɓi lungun da ba iska, kusa da famfo, nesa da fitila.

"Ina kika san wurin nan haka?" Mama ta tambaya.

Kafin ta amsa, wani tsohon maigadi ya tsaya a kansu, ya ƙura mata ido, sai ya washe baki.

"A'a! 'Yata, ke ce? Kwana biyu! Na ce ko an sallame ku ne." Ya juya ga Mama. "Baiwar Allah, ko ke ce mahaifiyar tata? Kai, alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau. Kin haifi 'ya. Wata da watanni yarinyar nan tana kwana a barandan nan, da ruwa da sanyi, kullum na tambaya sai ta ce mamanta ce a kwance a ciki."

Mama ta buɗe baki, ta dubi Auta. Auta na ta faman miƙar da gefen tabarma.

"Yaya ƙarfin jikin?" in ji tsohon.

Mama ta ajiye fulas ɗin a kan tabarma.

"Da sauƙi," ta ce.