Ajin Sama

Tun daga aji ɗaya Tsinke da Rediyo suke zama a benci guda, na biyu daga baya, gefen taga. Tsinke 'yar kafinta ce, siririya, magana ba ta dame ta ba. Rediyo 'yar mai ɗinkin layin bayansu ce, kuma malamai ne suka laƙaba mata sunan, don da zarar an fara rubutu a allo bakinta ya kama aiki ke nan. Ta sha bulala a kan surutu, ta sha kamun kunne, ba ta fasa ba.

Da suka shiga aji biyar makaranta ta fito da sabon tsari. Aka raba takardun jarrabawa, aka tsame yara goma sha biyu da aka ce su ne masu hazaƙa, aka kai su wani ɗaki a saman bene. Kowa da teburinsa shi kaɗai, kowa da jan ƙyalle a ƙirjin riga. Hatta lokacin fita shan iska nasu daban ne. Tsinke ta hau sama, Rediyo ta zauna ƙasa.

Manya su ke jan layi, yara kuma su gina katanga a kai. Kafin wata ya cika, makarantar ta rabu biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa.

Rediyo ba ta ɗauki abin da zafi ba. Kullum aka tashi tana gindin matakala tana jira. Sai 'yan sama suka fara.

"Tsinke, ga 'yar aikinki can ta zo ɗaukar jaka."

Tsinke ta daure mako biyu. A na uku ta sauko tsakiyar sababbin ƙawayenta, ta tsaya a matakala ta biyu.

"Ki daina jirana," ta ce. "Mu ba ma tafiya da 'yan ƙasa."

Rediyo ta dube ta daga sama har ƙasa. "To, ranki ya daɗe. A sauka lafiya."

Ta juya ta tafi, ba ta ƙara tsayawa a wurin ba.

Uwar Tsinke da ta ji labari ta ce gara haka. "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yarinyar da ba ta san komai ba sai zuba, me za ta ƙare ki da shi?"

Kafinta yana cin abinci, bai ɗago ba. Shi ma laifinsa ke nan, ya ji ya yi shiru.

Daga nan karatun Tsinke ya soma zamewa. Littafinta rabin shafi rubutu, rabi fari. Aikin gida sai ta yi wanda ba shi aka bayar ba. Malamar ajin sama ta aiko da takarda cewa in ba a ga canji ba, za a mai da ita ƙasa. Uwar ta ce baki ne ya kama 'yarta. Tsinke dai ta rame, ta koma ba ta da kowa: na sama sun fara yi mata kallon wadda ta shigo bisa kuskure, ta ƙasa kuma ta riga ta kore ta.

Ran Asabar da hantsi ta kai wa uban ruwa a shago. Ta same shi durƙushe, kafaɗarsa ta tokare ƙofar wani kabad da bai gama haɗawa ba. Al'adarsa ce ya rubuta awon aiki da alli a jikin bango.

"Yauwa, Tsinke. Karanto min lamba ta uku a bangon can, hannuna ba ya sakuwa."

Ta ƙanƙance ido. Ta yi taku ɗaya, ta ƙara wani, ta ƙara, har sai da ta tsallake tarin katako ta kusa manna hanci da bango, sannan ta karanta.

Kafinta ya saki ƙofar a hankali. Mutum ne da bai yarda da ƙiyasi ba. Ya goge bangon, ya rubuta wata lamba, ya zaro tef ɗinsa na awo.

"Koma bakin ƙofa. Me na rubuta?"

"Ban gani ba, Baba."

"Matso. Yanzu fa?"

Haka ya riƙa matso da ita har ta karanta daidai. Ya ja tef daga bango zuwa yatsun ƙafarta. Mita ɗaya da rabi.

"Ni na gyara bencinku bara," ya ce. "Daga shi zuwa allo mita shida ne. Shekara huɗu wa ke karanta miki allo?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Rediyo."

"Surutun da ake dukanta a kai?"

"Eh. Tun aji ɗaya ta gane. Na ce kar ta faɗa, za a riƙa ce min makauniya. Ta ce to."

Kafinta ya zauna a kan bencin aiki, ya daɗe yana naɗe tef. "Malamai huɗu, da ni ubanki, da uwarki, duk da idanunmu, ba wanda ya gani. 'Yar shekara shida ta gani. Ita ce kuma aka auna aka ce ba ta da hazaƙa."

Tsinke ta fara kuka. "Baba, bari in je in ba ta haƙuri yanzu. Ko a mai da ni ƙasa mu zauna tare."

"Ba yau ba. In kin je yau, buƙata ce ta kai ki, kuma ita ba sakarai ba ce, za ta gane. Share hawayenki, Litinin za mu ga likitan ido."

Aka yi mata gilashi mai kauri. A hanyar dawowa ta riƙa karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya har uban ya ce ta bar shi ya ji da kansa. Cikin mako biyu littafinta ya cika. Malama ta janye takardarta, 'yan sama suka dawo da fara'a.

"To ai shi ke nan," in ji uwar. "An wuce wajen."

"Ba a wuce ba," in ji kafinta. Ya juya ga 'yarsa. "Yanzu kina ganin allo da kanki. Ba ki da abin nema a wajenta. Tashi ki je."

"Baban Tsinke, yarinya ta samu kanta, ka bar ta mana."

"A bayan 'yar mutane ta same shi. Kin taɓa ƙirga bulalar shekara huɗu?"



Tsinke ta sami Rediyo a shagon uwarta, tana ɗinka maɓalli a rigar wani. Mai ɗinki ta amsa gaisuwa, ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji komai.

"Wa nake gani kamar mujiya?" in ji Rediyo, ba ta ajiye allura ba. "Yau sama ce ta zubo?"

"Na zo ba ki haƙuri."

"An koro ki ne?"

"A'a. Ina gani yanzu."

Rediyo ta ciji zare. Ta dubi gilashin sosai, ta ga ba ƙarya. "To me kike so?"

"Ba komai. Na yi miki rashin mutunci ne."

"A gaban mutane kika yi shi. Ba a bayan keken Mama za ki janye ba."

Tsinke ba ta yi musu ba. Washegari ana cikin darasin lissafi a ajin ƙasa, ta ƙwanƙwasa ƙofa, da jan ƙyallenta a ƙirji. Malamin lissafi ne a ciki, wanda ya fi kowa dukan Rediyo. Ta nemi izini, ta tsaya gaban allo, ta faɗi komai: idonta, karatun allo, bulala, da abin da ta ce a matakala. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Malamin ya juya ga Rediyo, alli a hannu. "Ke, haka ne?"

Rediyo ta miƙe. "Rabi haka ne, Malam. Sauran rabin surutu ne tsagwaronsa."

Aji ya kwashe da dariya. Malamin bai yi ba. Ya ce, "Na rabin farko, ki yafe min." Sannan ya ce wa Tsinke ta koma ajinsu.

Labari ya riga ta hawa bene. 'Yan sama suka ɗauke mata wuta, har wata ta ce ta zubar musu da daraja. Tsinke ta zauna a teburinta ta kwafi abin da ke allo.

Da aka tashi suka haɗu a bakin ƙofar makaranta. Ba wadda ta ce wa wata zo. Sun yi nisa kafin Rediyo ta miƙa hannu.

"Kawo in gani."

Ta saka gilashin, ta yi tangaɗi, ta dafa kafaɗar Tsinke.

"Wannan ai juwa ce. Karɓi kayanki." Ta mayar mata. "Kuma kar ki ɗauka an gama. Akwai wani lissafin kashi-kashi da ya gagare ni tun wata biyu. Gidanku za mu, ki zauna ki koya min har sai ya shiga."