Burtalin da Masara Ta Cinye

Saura kwana tara a yi bikin Ranar Rafi, Malam Ɗayyabu ya sake komawa maƙabarta. Zuwansa na uku ke nan tun Asabar. Ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsa, Inna Barakatu, ya yi mata addu'a, sannan ya fara ƙirga taku daga nan zuwa inda ƙasa ta yanke. Taku huɗu da rabi. Bara war haka taku tara ne.

Rafin ya bi ta gabas da Unguwar Mudi, can bayan Burumburum, kuma shekara uku ke nan yana cin gaɓar da maƙabartar garin take kai. Duk damina sai wani yanki ya zabtare ya faɗa ruwa. Ɗayyabu malamin firamare ne, ya kuma san mutanensa: in ka ce a zo taro ba mai zuwa, amma in ka ce akwai ganga da tuwo har da na goye za a zo. Shi ya sa ya kawo shawarar biki. A yi kiɗa, a ci abinci, sannan kowa ya ɗauki fartanya a dasa jema a gaɓar, ciyawar nan da saiwarta ke riƙe ƙasa.

Da yamma 'yan kwamiti suka zauna a ƙofar shagon Alhaji Sabo, shugabansu. An daɗe ana gardama a kan rumfa da lasifika da wanda zai zauna kusa da dagaci. Ɗayyabu yana ta juya biro a hannu.

"Alhaji, ni fa maganar shanu ce ta dame ni," in ji shi. "Ta gefen maƙabarta suke sauka su sha ruwa. Duk abin da muka dasa, kwana biyu za su tattake shi."

"Ba ka aika wa Arɗo Dikko takarda ba?"

"Sau biyu. Shiru."

"To sai me? Mu sare ƙaya mu yi shinge. Malam, kai komai sai ka mai da shi jarrabawa."

Aka yi dariya. Ɗayyabu bai yi ba. Ya san saniya mai jin ƙishi ba ta san shinge ba, ya kuma san abin da ke biyo baya in ta ƙetare shi.

Washegari bayan an tashi daga makaranta ya hau babur ya nufi ruga. Ya tarar da Arɗo Dikko, dattijon makiyayan yankin, yana tufkar igiya a gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya gaishe shi, aka tambayi gida da yara da dabbobi da ruwan bana.

"Ɗan Barakatu," in ji Dikko, "takardarka ta iso. Jikata ta karanta mini. Kun iya rubutu, ku mutanen gari."

"Baffa, ban ji amsa ba."

"Ai ba tambaya a ciki. Cewa kuka yi shanu su daina sauka ta maƙabarta. Kana tsammanin muna jin daɗin bi ta kan mamata? Uwarka shekara ashirin tana sayen nonon gidan nan. To ta ina za su sauka?"

Dikko ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa.

"Bar mashin ɗinka. Mu taka."

Suka yi tafiya mai ɗan nisa, Ɗayyabu yana mamakin ganin sun doshi tasa gonar. Dikko ya shiga cikin masarar, wadda ta kai gwiwa, ya sa sanda ya kawar da ganye. Wani tsohon kututture ne, ya yi baƙi. Ya ƙara taku goma ya nuna wani, sannan wani, duk a jere.

"Cini-da-zugu ne," in ji shi. "Shi ne iyakar burtali. Daga nan zuwa cikin gonar Sabo, hanyar shanu ce tun kakanni. Duba inda ta faɗa."

Ɗayyabu ya duba. Layin kututturan ya miƙe har bakin rafi, inda wani fa mai faɗi ya kwanta ya gangara cikin ruwa. Dutse ne zalla. Shanu dubu za su sauka a nan ba tare da ƙasa ta motsa ba.

"Ƙirga kunyoyin da ke bayan kututturen nan," in ji Dikko.

Ya ƙirga. Shida.

Bai buƙaci bayani ba. Duk shekara in an zo huɗa, mai garma yakan ga ɗan fili a gefe ya ce kunya ɗaya ce, ba za ta hana kowa wucewa ba. Uku na mahaifinsa ne. Uku kuwa shi ya ƙara da hannunsa, yana tuna ma shekarar da ya yi ta ƙarshe. Alhaji Sabo ma yana tahowa daga nasa ɓangaren, har gonakin biyu suka haɗe.

Kwanakin da suka biyo baya Ɗayyabu bai zauna wuri ɗaya ba. Yana cikin koyar da lissafi sai ya ga ya tsaya a taga yana kallon hadari. Ya je gona ya dawo, ya sake komawa. Masarar kunyoyin nan ta fi ta ko'ina kyau, don kashin shanun shekaru ne a ƙarƙashinta. Ya sami Alhaji Sabo ya gaya masa komai.

"Yanzu? Bayan na zuba taki?" in ji Sabo. "Malam, ka ji tsoron Allah. A bari sai an yi girbi."

"Kafin girbi akwai ruwan Agusta, Alhaji."

"Ni ma ina da iyaye a maƙabartar nan. Amma ina da baki goma sha huɗu a gida. Bana dai ba zan iya ba."

Ɗayyabu bai ga laifinsa ba. Shi ma abin da zuciyarsa ke gaya masa ke nan tun ranar da ya ƙirga kunyoyin.

Ranar Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi. Yana ɗaukewa ya tafi maƙabarta, takalmansa suna nutsewa a laka. Ga sawun kofato ko'ina, ga sabon tsagi a bakin gaɓa. Ya ƙirga sau biyu. Taku huɗu.

Ranar biki aka kafa rumfa, mata suka jera tukwane, dagaci ya zauna. Mai lasifika ya kira Malam Ɗayyabu ya zo ya yi jawabi, ya sake kira, ba Malam. Wata mata ta ce ta gan shi ya yi hanyar gona da lauje. Makaɗa suka bi, mutane suka bi makaɗa.

Suka same shi a gonarsa ya gama yanke masarar kunya biyu ya shiga ta uku, rigarsa ta jiƙe da gumi. Aka yi cirko-cirko. Wani ya ce Malam ya zautu. Sai Lawal maƙeri ya karɓi lauje a hannun wani ya shiga ta huɗu, yana cewa, "Ku kuna kallo, mutum zai suma."

Kafin azahar an share shidan. Arɗo Dikko ya iso da mutanensa, jakuna biyu ɗauke da jemar da suka haƙo daga fadama. Ya tsaya ya auna hanyar da ido.

"Ta yi ƙunci. Biyu-biyu za su bi."

"Abin da ke hannuna ke nan, Baffa."

"Na gani."

Aka koro shanun. Ta gaba ta tsaya tana sunsunar masarar da aka yanke, sannan ta bi layin kututturan ta sauka a kan fa. Alhaji Sabo yana tsaye a iyakar gonarsa da sanda, yana kare tasa masarar, bai kalli kowa ba. Jawabi dai ba a yi ba. Tuwo ya huce, aka ci a haka, aka wuce gaɓa aka yi dashe har la'asar.

Bayan kwana huɗu aka sake yin ruwa. Ɗayyabu ya bar karin kumallo ya fita. Jemar ta kwanta amma ba ta tumɓuke ba, kuma ba sawun kofato ko ɗaya. Ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a, ya fara ƙirgawa a hankali. Huɗu. Ya dawo ya sake. Huɗu ne dai.

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Agusta saura sati shida.