Sukuru a Ƙugun Mai Keke

"Sake ni, Tela," in ji Mai Keke. "In aikin likita bai kama ba, gara mu sani yanzu."

Tela ta sassauta riƙon da ta yi wa maƙwabcin nata. Tsohon ya miƙe daga bakin gado, ya dafa sanda, ya yi taku, ya ƙara. 'Yarsa da ke bakin ƙofa ta toshe baki da hannu.

Daga kan tsani ya faɗo yana toshe yoyon rufin shagonsa na gyaran keke, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Likita bai ɓoye musu ba: zuciyarsa ta gaji, tiyata na iya tafiya da shi, in kuma ba a yi ba sai doguwar kwanciya, wataƙila babu tashi. 'Yar ta ce a bari. Shi ya ce a yi. Aka zura masa dogayen sukuru, suka haɗe ƙashin.

Bayan ya murmure, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ga hoton ƙashin.

"Dubi ɗauri, don Allah! Ni da na tsufa ina murza wa keke sukuru, yau ni aka murza wa."

Ya ɗauki yawo kamar sana'a. Kullum da safe Tela na kan ɗinki za ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa, ya leƙo ta taga.

"'Yar nan, har yanzu wuyan rigar jiya ake yi?"

"Baba, kai dai ka kula da kwata."

Ya je kasuwa, ya je ganin jika, ya kai har bakin gada inda ya yi shekaru bai taka ba.

Wata safiya bai yi tsokana ba. Ya zauna a bencin ƙofar shagonta, ya jingine sanda.

"Ƙugun ne, Baba?"

"Ƙugu lafiya lau. Numfashi ne yau yake min gardama. Ɗan ba ni ruwa."

Da ta fito da kofin, ya jingina kai da bango, rana na dukan gwiwoyinsa, fuskarsa a sake kamar mai sauraron rediyo. Ta kira shi, ta sake kira. Sannan ta ajiye kofin a hankali, ta tafi kiran 'yarsa.

Da aka kwana biyu da rasuwarsa, su biyun suka shiga kintsa ɗakinsa. 'Yar ta jawo takalma daga ƙarƙashin gado.

"Ranar da aka sallame shi na saya masa," ta ce. "Na ɗauka ba zai taɓa sa su ba."

Tela ta karɓa ta juya su. Dunduniyar duk ta cinye, wata 'yar tsakuwa ta maƙale a gindin na hagu.