Awon Jini a Kemis ɗin Madam Chinyelu

Wata biyar da mutuwar aurenta, Siddiƙa tana gidan Gwaggonta a Tudun Wada tana fama da ciwon kai. Rigunanta duk sun yi mata yawa. Sau biyu jiri yana ɗibarta a gaban allo, a makarantar da take koyarwa. Shi ya sa duk Alhamis take biyawa kemis ɗin Madam Chinyelu a auna mata jini.

Wata Alhamis awon ya hau sosai. Ko gida ba ta kai ba, saƙo ya shigo wayarta daga Nagoda, tsohon mijinta: "A rage gishiri, a riƙa tattaki da safe."

Ta tsaya cak a bakin titi. Abin da Madam ta gaya mata ke nan ɗazu, ba ragi ba ƙari. Wa ya kai masa? Kuma me yake nema? Yaransu biyu suna wajenta. Ko hujja yake tarawa ya ce ba ta da lafiyar riƙe su?

Ta daina zuwa kemis ɗin. Ta ɓoye ƙwayoyin maganin da take sha cikin jakar makaranta. Ko Gwaggo ta ɗaga waya, sai ta kasa kunne. Mako uku tana haka, har idonta ya fara gani dishi-dishi.

Ranar da ta koma, ko zama ba ta yi ba.

"Madam, me ya sa kike kai maganata wajen Nagoda?"

Chinyelu ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Malama, ni? Ban taɓa ba. Shi ma nan yake zuwa awo tun bayan rabuwarku. Abin da nake gaya wa kowa na gaya masa."

"To, ya aka yi ya san ina zuwa?"

"Wataƙila ya hango ki. Bai tambaye ni ba."

Siddiƙa ta ƙura mata ido. Yanzu ga shi ta ji sirrinsa ba ta tambaya ba. In nasa ya fito da sauƙi haka, nata fa?

Amma kanta kamar zai tsage. Ta zauna, ta naɗe hannun hijabi.

"Auna. Kada ki faɗa da ƙarfi, nuna mini kawai."

Madam ta juyo mata da na'urar. Siddiƙa ta karanta, sannan ta tambayi ranar da likita yake ganin masu hawan jini a asibiti.