Goɗiyar Mulqueen Ba Ta Son Laka

"An yi ruwa jiya?"

Assumpta Deasy tana riƙe da cokalin shayi a bakin Malachy lokacin da ya jefo tambayar. Ta ɗago kai. Dervla, 'yarsa da ta zo daga birnin Leeds kwana huɗu da suka wuce, tana tsaye a gefen gadon, tana girgiza kai a hankali. Nufinta a ce masa a'a.

Ruwa kuwa an yi shi, tun faɗuwar rana har gari ya waye. Maganin da nas ta ba shi ne ya hana shi ji.

Shekara arba'in ke nan Malachy Tuohy yana gaya wa mutanen layinsu dokin da zai ci tseren tsallake shinge. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma babu abin da ya tsana kamar a ce yana da sa'a. Shi aiki yake yi da jarida da fensir: nauyin da doki zai ɗauka, nisan da ya saba gudu, sau nawa ya faɗi a shinge, wa zai hau shi, sannan wace irin ƙasa ƙafarsa take so. Da idanunsa suka mutu, sai karatun ya koma hannun Assumpta, maƙwabciyarsa ta jikin bango, wadda ko ƙofar shagon caca ba ta taɓa taɓawa ba. Kullum in ta dawo daga coci da safe takan zauna ta karanto masa lambobin, yana kiranta Waliyyiya, tana kiransa tsohon banza.

Ranar Litinin ya faɗi hasashensa na ƙarshe. Ya ce goɗiyar wani mai dawaki, Mulqueen, ita za ta ci, a tseren ƙarfe uku saura kwata na ranar Alhamis, a filin tseren garinsu, muddin ƙasa ta bushe. Maganar ta bi layi gida-gida, amma sharaɗin ya zube a hanya. Kowa ya san likita ya ce kwanaki suka rage masa, sai mutane suka ɗauka cewa wanda ke bakin kabari ba zai yi kuskure ba. Har tsofaffin matan da ke wanke benci a coci sun saka ɗan kuɗin da ya sawwaƙa a kanta.

Yau ce Alhamis ɗin.

Assumpta ta ajiye cokalin. Shekara shida tana karanta masa, ba ta taɓa canza masa ko lamba ɗaya ba.

"An yi, Malachy. Kwana aka yi ana yi."

Dervla ta fita kicin, aka ji ta dire buta a kan murhu da ƙarfi. Malachy ya riƙa motsa yatsunsa a kan bargo kamar mai lalube. Can ya ce wa Assumpta ta ɗauko sandarsa a bayan ƙofa ta tafi filin, ta soka ta a gaban shinge na uku daga ƙarshe, inda ruwa yake kwanciya. Kada ta goge ta.

A kicin Dervla ta tare ta, idanunta jajur. Ta ce ita abin da take so kawai mahaifinta ya tafi hankalinsa kwance. Tun tana yarinya dawakin nan suke raba ta da shi, yanzu ma a rana irin wannan sai an yi maganar doki? Assumpta ta ɗauki sandar. Ta ɗaura ɗankwalinta na roba ta fita.

Mai gadin filin ya gane sandar tun kafin ya gane mai riƙe da ita, ya buɗe mata ba tare da tambaya ba. Ta ratsa ciyawa, ruwa yana shiga takalminta. A gaban shingen ta dafa sandar da hannu biyu, ba ta ma danna sosai ba ta nutse.

Da ta dawo ta ɗora masa ita a kan bargo, laka da komai. Ya bi jikinta da yatsa daga ƙasa har inda danshin ya tsaya. Ya fi tsawon tafin hannu.

"Goɗiyar ba za ta iya ba," in ji shi. "Sau biyu ta yi gudu a laka, sau biyu tana faɗuwa. Ki je ki gaya musu na janye maganata."

"Wane doki zan ce musu maimakonta?"

"Babu. Ki ce su riƙe kuɗinsu. Ba zan mutu in bar ƙarya tana yawo da sunana ba, Waliyyiya."

Ƙofa goma sha ɗaya ta ƙwanƙwasa. Wasu sun yi mata godiya suka ba ta gaisuwa ta kai masa, amma ta ga a fuskarsu ba su karɓa ba. Wata ta ce ai ciwo ne yake magana yanzu, ta ranar Litinin ita ce ta gaskiya. Podge Lanigan mahauci yana ɗaure tsiran alade a takarda ya yi dariya, ya ce ita da ko jaki ba ta taɓa hawa ba yau ita ce take koya masa doki?

"Ba ni ba ce, Podge, mai sandar ne."

"To ki ce masa mun saka ne don shi. Ko ta ci ko ta faɗi, tasa ce."

"Shi ya sa ya aiko ni. Ba ya son ta zama tasa."

Podge ya daina dariya, amma bai ce zai janye ba.

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ta koma. Fada Kinsella, limamin cocinsu, ya zo ya shafa wa Malachy man addu'a ya tafi. Dervla tana zaune a gefen gadon, jaridar tana kan cinyarta, tana karanto masa sunayen dawaki, tana tuntuɓe a kan lambobin. Ba ta dubi Assumpta ba, amma ta matsa mata wuri.

Numfashinsa ya koma sama-sama. Ya tambaya ko sun ji.

Assumpta ta dubi Dervla. Wannan karon Dervla ba ta girgiza kai ba.

"Mutum biyu suka ji, Malachy. Cikin goma sha ɗaya."

Gefen bakinsa ya motsa. "Biyu," in ji shi. "Lokacin da nake da lafiya ma ban taɓa samun biyu ba."

Bai ƙara magana ba. Ƙarfe biyu saura kaɗan Dervla ta ajiye jaridar ta kama hannunsa, Assumpta ta fara addu'a a hankali. Kafin ta kai ƙarshe ya cika.

Suna gyara masa kwanciya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Podge ne, da rigar aikinsa, hularsa a hannu, yana haki. Ya ce yanzu aka sanar a rediyo: Mulqueen da kansa ya zagaya filin, ya cire goɗiyarsa daga tseren saboda laka. Ba za ta yi gudu ba, za a mayar wa kowa abinsa. Ya zo ne ya gaya wa tsohon da bakinsa. Sai ya hango bayan Assumpta, ya ga kyandir ɗin da aka kunna, ya yi alamar gicciye ya sunkuyar da kai.

Assumpta ta koma ɗakin. Ta durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinta suna ƙara, ta kai bakinta kusa da kunnensa. Ta gaya masa dalla-dalla, yadda ta saba karanta masa: tseren uku saura kwata, lamba bakwai, an cire ta, dalili ƙasa.

Dervla ta tashi ta buɗe taga kamar yadda ake yi wa mamaci. Iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa harshen kyandir. Daga can bayan rufin gidaje muryar lasifikar filin tana zuwa tana ɗaukewa, ana kiran dawaki su jeru. Matan biyu suka tsaya a gefen gadon suna saurare, har aka saki dawakin.